Hajja Awadiyya da Kocin da Ba Ya Jefa Ƙwallo

Ranar da na fara zuwa kallon ƙwallon Amurka, sai da na kunyata kaina, na kunyata matata Fiddausi, na haɗa da Zamfara baki ɗaya. Ni dai tun ina yaro a Gusau na san ƙwallo ƙafa ake sa mata. Ana busa usur sai na ga wani ƙato mai hular kwano ya sunkuce ta, ya rungume kamar ɓarawon kaza, ya sheƙa da gudu. Ban san lokacin da na haye kan benci ba.

"Hannu! Alƙali, hannu ne! Ba ka gani ne?"

Don kada Misirawa su ce ba su ji ba, na sake maimaitawa da Larabci, kuma Larabcin littafi, mai wasali cikakke. Rabin 'yan kallo suka juyo. Wani dattijo da ke gefena yana cin gyaɗa ya tambaye ni cikin ladabi daga wace unguwa nake. Na ce Abbasiya. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, shi ya sa. Allah ya ba da lafiya." A Alƙahira, in ka ce Abbasiya, ba gidajen hayar ɗalibai ke fara zuwa ran mutane ba, babban asibitin masu taɓin hankali da ke can suke tunawa.

Sai na ji an finciko bayan jallabiyata.

"Zauna, ya Ustaz. In za ka yi ihu, ka yi mai amfani. Ka ce wa kocin ya jefa."

Wadda ta zaunar da ni ita ce Hajja Awadiyya, kuma labarinta nake son bayarwa, ba nawa ba. Nawa gajere ne. Sunana Lawali, na zo Masar karatu shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Risalar digirina na biyu tana nan ana rubuta ta, kada wanda ya tambaye ni babi na nawa. Abin da nake ci da iyali shi ne tafinta: 'yan gida su zo ganin likita, in tsaya tsakaninsu da shi, in mayar da "cikina ke murɗawa kamar ana wanki" zuwa abin da za a iya rubutawa a takarda.

Hajja Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga wajen Haɗejia a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Hausarta irin ta tsofaffi ce, wadda ko a ƙauyenmu an daina jin wasu kalmominta, sai kuma ta barbaɗa mata Larabcin Sudan kamar yaji. A Omdurman ta yi aure. Mijinta Iliya direban babbar mota ne, ciwon suga ya ɗauke shi tun kafin yaƙi. Da yaƙi ya zo har ƙofar gida, ta kulle ɗakinta, ta saka makullin a lalitarta, ta bi motocin Halfa, bakin iyakar Masar, ita da ɗanta Mahir. Makullin yana nan har yau. Ɗakin ne ba a da tabbas.

A unguwar Hadayek el-Maadi, nan Alƙahira, ta kama ɗaki biyu a hawa na biyar, gidan da lif ɗinsa ya mutu tun kafin a haifi mai gadin. Sana'arta lalle da turaren wuta, ta nan suka saba da Fiddausi. Amma abin da aka fi saninta da shi guɗa ne. Duk bikin Sudanawa ko na 'yan Najeriya da Nijar da za a yi daga Faisal har Ain Shams, in ba a ji muryar Hajja ba, amarya sai ta ga kamar an rage mata sadaki. Na taɓa jin guɗarta ina kan dandamalin jirgin metro, ita kuma tana hawa na biyar. Fiddausi ta ce ƙarya nake. To, jirgin bai iso ba tukuna a lokacin, shi ya sa na ji sosai.

Watanninsu na farko a nan, Mahir ba ya magana. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da ɗaya, dogo, siriri, mai dogayen yatsu. Abin da ya gani a hanya bai faɗa wa kowa ba. Ya kan zauna a ɗaki fuskarsa na kallon bango, in ta kawo abinci ya ci, in ba ta kawo ba ba zai tambaya ba. Ta ce da ni wannan ne ya fi ci mata rai. "Yaron da ke bina kicin yana cewa Yumma ƙara min, Yumma ba ni. Tun da muka bar Omdurman bai roƙe ni ko ruwan sha ba."

Da ƙyar ta tura shi kasuwa sauke kankana. Ka san yadda Misirawa ke yi: ɗaya a kan mota yana wurgowa, ɗaya a ƙasa yana cafewa. Wata rana wani mutum ya tsaya sayen lemo, ya ga Mahir ya cafe wata ƙatuwar kankana da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana korar ƙuda. Mutumin kocin wata ƙaramar ƙungiya ne ta ƙwallon Amurka, Bijiman Basatin, tarin ɗalibai da makanikai da masu kai saƙo a babur, waɗanda ke hayar filin wata cibiyar matasa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ya ce wa Mahir ya zo ranar Talata atisaye.

Kakar farko ta yi daɗi. Wancan kocin mai son jifa ne. Mahir ya tsaya can gefen fili, ya fyalla da gudu, a cillo masa ƙwallo sama, ya miƙa yatsun nan ya ɗauko ta kamar yana tsinkar mangwaro. Ya fara dawowa gida yana surutu. Har waƙa ta ji yana yi a banɗaki.

A wasan farko da ta je ne ta yi nata abin kunyar, wanda ya fi nawa tsada. Ta ga yaran sun jeru sun duƙa, ɗanta a ciki, ga sababbin riguna. Me mai guɗa za ta yi? Ta dafe kunne ta rangaɗa. To ashe a wannan wasa, in ƙungiyarka ce ke riƙe da ƙwallo, kowa duƙe yake yana jiran ya ji muryar mai jefawa kafin ya motsa. Wanda ya motsa kafin lokaci, alƙali zai wurga wani ƙyalle rawaya, a mayar da su baya yadi biyar. Guɗar Hajja ta rufe muryar yaron, Bijimai uku suka zabura. Ƙyalle. Ta ga an wurga ƙyalle ta ɗauka liƙi ake yi, ta ƙara wata. Ƙyalle kuma.

Da Mahir ya yi mata bayani a gida, ba ta ce ta tuba ba. Cewa ta yi, "Wato in su waɗancan ne da ƙwallo, su ma ba sa son hayaniya?"

Ya ce, "Ƙwarai."

Ta ce, "Kwayyis." Wato da kyau.

Juma'ar da ta biyo, ta zo da mata goma sha wani abu daga Hadayek, kowace da laffayarta, wasu da murafen tukwane. In Bijimai ne da ƙwallo, ta ɗaga hannu, ka ji wurin tsit kamar ana huɗuba. In abokan hamayya suka duƙa, ta sauke hannun. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙatti masu kafaɗun roba su riƙa zabura kamar an watsa musu ruwan zafi, ƙyalle na tashi, ana mayar da su baya. Wata ƙungiya har ƙara ta kai wai a hana "matan bikin nan" shiga. Aka duba doka, babu inda ta hana guɗa.

Sai wancan kocin ya sami aiki a Dubai ya tafi. Aka naɗa Kyaftin Isam.

Kyaftin Isam mutum ne mai faɗi. In ya shiga mikrobas kuɗin mutum biyu yake biya ba tare da an tambaye shi ba. Shekarunsa na wasa duk a layin gaba ya yi su, inda ake ture-ture, kuma bai taɓa yarda da abin da ya bar ƙasa ba. Tsarinsa ɗaya ne: mai jefawa ya karɓi ƙwallo, ya juya, ya miƙa wa mai gudu a ciki, mai gudu ya sunkuyar da kai ya faɗa tsakiyar mutane. Yadi uku, a tashi, a kakkaɓe, a sake. Masu cafewa irin su Mahir kuwa, aikinsu ya koma tare hanya: ka ruga ka sa ƙirji gaban mai tsaron da ke gefenka, kada ya je ya kama mai gudu.

Hajja ta yi mini darasin wannan tsari wata la'asar da muka kai mata ziyara ni da Fiddausi. Ta soya gahawa, ta daka da citta, ta zuba a jabana, wato ɗan tulun ƙasar nan nasu. Kafin ta ba mu sai ta jera finjalai a kan tire.

"Duba nan, ya Ustaz. Dama huɗu ake ba ka ka ci yadi goma. Wannan finjalin mai jefawa ne. Sunansa fa mai jefawa. Wannan na can gefe ɗana ne. Babu kowa gabansa sai Allah da ciyawa. Dama ta farko, me kyaftin zai yi?"

Na ce, "Ya jefa."

"Ya miƙa." Ta tura jabana cikin finjalai, suka yi ƙara. "Ta biyu?"

"Ya jefa?"

"Ya miƙa. Ta uku, saura yadi takwas, jaririn goye ma ya san sai an jefa. Mai sayar da gyaɗa ya sani. Waɗancan sun sani, sun taru a tsakiya suna jira kamar masu layin burodi. Me zai yi?"

Fiddausi ta ce, "Yaya, gahawar tana hucewa."

"Ya miƙa! Sajami, wayyo ni! Mutum kamar wanda aka yi wa asiri da ƙasa!"

Abin da ke ƙara ƙona mata rai, Bijimai suna cin wasa. Ba da yawa ba, ba da kyau ba, amma suna ci. Kuma ta san da hannunta a ciki, ko in ce da bakinta. Kyaftin Isam kansa, duk ranar wasa, sai ya tako har gaban bencinmu ya dafa ƙirji.

"Nawwartina, ya Hajja. Kin haskaka mana fili."

Ita kuma amsarta ɗaya ce, ko sallama ba ta haɗawa da ita: "Irmi, ya kabtin." Wato jefa.

Har yaran unguwa suka ɗauka. In ta wuce za ta sayo tumatir, sai ka ji daga baranda, "Irmi, ya kabtin!" Ta ɗaga musu hannu kamar 'yar takara.

Ta koma zuwa fili tun kafin kowa, tun ana share benci. Na tambaye ta dalili. Ta ce lokacin motsa jiki ne kaɗai ake jefa wa Mahir ƙwallo, don a ɗumama hannun mai jefawa. "Hannun da ba za a yi amfani da shi ba, ban san me ake ɗumamawa ba. Amma a nan nake ganin ɗana." Duk wadda ya cafe sai ta yi masa 'yar ƙaramar guɗa, ƙasa-ƙasa, ita kaɗai a benci.

Wata Talata ta ce in raka ta wurin atisaye. Larabcinta ya fi nawa, amma ta ce tana son shaida. Kyaftin ya sa aka kawo mata kujera da shayi. Ta yi magana mai tsawo, ta kawo kankana, ta kawo tsohon koci, ta kawo layin burodi. Ya saurara har ta gama, sannan ya nuna yaran da ke fili.

"Ya Hajja, wancan mai jefawa nawa, da safe yana gyaran firji. Sau biyu a mako nake ganinsa. Masu tare masa gaba, biyu sabbi ne, in ya tsaya neman wanda zai jefa wa, za a kwantar min da shi, kuma ba ni da wani. In na jefa sau goma, uku za su faɗi, biyu su tafi hannun waɗancan. In na miƙa, na san inda ƙwallona take. Ɗanki kuwa, wallahi ban taɓa samun mai cafewa da ke tare hanya da zuciya ɗaya irinsa ba."

Ta ce, "Na kawo maka mai ɗinki, ka sa shi gadin ƙofa, kana yaba min yadda yake tsayuwa."

Ya yi dariya har cikinsa na rawa. "Ma'alish, ya Hajja. A yi haƙuri."

"Ma'alish ba ta cafuwa, ya kabtin."

A hanyar komawa na ce mata ni fa na ga kamar mutumin yana da hujja. Ta ce shi ya sa ta ƙi jinin shaidar da ya sha shayin wanda ake ƙara.

Duk wannan da dariya muke yinsa, har ranar da ta kira Fiddausi tana magana a hankali, abin da ba mu saba ji ba. Tana shara ta ga jaka a ƙarƙashin gadon Mahir: wando biyu, rigar sanyi, takardunsa a naɗe cikin leda. Duk wanda ya zauna a Hadayek ya san ma'anar takardu a cikin leda. Wani abokinsa ya haɗa shi da masu kai mutane Libiya, daga can kuma sai teku. Da ta tsare shi bai yi musu ba. Ya ce motar ranar Litinin za ta tashi. Ya ce, "Yumma, a kasuwa kowa zai iya cafe kankana. A fili kowa zai iya tsayawa gaban mutum. Babu inda in ban zo ba za a ce ina Mahir." Daga nan ya koma kallon bango.

Ta ce ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta kuma ɓoye jakar ba. "In na ɓoye jaka, zai tafi ba jaka."

Juma'ar makon akwai wasa da wata ƙungiyar ɗaliban jami'a daga Giza. Wanda ya ci ya wuce zagaye na gaba, wanda aka ci ya tafi gida sai baɗi. A cikin metro muna tafiya, ni da kaifin basirata na kawo shawara.

"Hajja, na gano maganin kyaftin. Yaushe ne kaɗai koci irinsa ke jefa ƙwallo?"

"Ranar da raƙumi ya hau metro."

"In an ba shi rata mai yawa, lokaci na ƙurewa. Dole ya jefa. To wa ke hana a ba shi rata? Ke. Yau ki yi shiru. Ki bar 'yan Giza su ji muryar junansu, su ci biyu ko uku. Kyaftin zai rasa yadda zai yi, ya cilla wa Mahir. Yaro ya cafe, ya tuna ko shi wane ne, a rama, a ci. Khalas, shi ke nan."

Fiddausi ta ce, "In kuma ba a rama ba fa?"

Na ce mata harkar dabara ce, ba ta mata ba. Ta taka min ƙafa.

Hajja ta juya tana kallon taga har muka sauka. Amma da aka fara wasa, 'yan Giza suka duƙa, matan Hadayek suka ɗaga murafen tukwane suna kallon hannunta, hannun bai sauka ba. Ta naɗe shi cikin laffaya. 'Yan Giza da suka zo da shirin bala'i, har auduga wasu suka tura a kunne, suka ji shiru. Suka duba bencinmu, suka dubi juna, suka fara wasansu a natse. Jifa nan, jifa can, irin wanda Hajja ke mafarki. Ba a daɗe ba suka shiga gidan Bijimai.

Dattijon nan mai gyaɗa, wanda yanzu mun zama abokai, ya leƙo ya ce, "Hajja ba ta da lafiya ne?"

Bijimai suka karɓi ƙwallo. Miƙa, miƙa, miƙa, suka mayar wa 'yan Giza. Na ce mata a kunne, "Saura ɗaya ko biyu, ki daure." Ban ga alamar ta ji ni ba. Leɓenta na motsi, ban sani ba ko addu'a take ko zagin kyaftin, ko ni.

'Yan Giza suka sake tasowa, suna cin fili kamar ana naɗe tabarma. Ku tuna, in abokan hamayya ne da ƙwallo, su Mahir suna waje a bakin layi, masu tsaro ne a ciki. Ina kallonsa ta baya, lamba tamanin da ɗaya. Sai na ga ya cire hular kwano. Ya juyo ya bar wasan, yana bin benci da ido har ya same ta. Ya buɗe hannuwa kamar mai tambaya. Ba ta motsa ba. Sai ya ɗaga dogayen hannuwan nan sama, ya sake ɗagawa, ya buɗe baki da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Yumma! Yalla mana! Yumma!"

Na ji ta ja numfashi. Ta ce, ba da ni ba, "Ya roƙe ni."

Na ce, "Hajja, dabararmu..."

Gwiwar hannunta ta same ni a haƙarƙari lokacin da take fitar da hannun daga laffaya. Ba na zaton da gangan ne. Ban dai tabbata ba.

Na sha jin guɗar Hajja Awadiyya a biki da suna, amma ta ranar nan daban ce. Tattabarun da ke kan rufin cibiyar suka tashi gaba ɗaya. Matan Hadayek suka ɗauka, murafen tukwane suka shiga, dattijo mai gyaɗa ya cire takalmi yana buga benci. Wani ƙaton ɗan Giza ya zabura shi kaɗai ya faɗi a kan ciyawa. Ƙyalle. Suka sake duƙawa, mai jefawarsu yana ihu yana buga ƙafa, ba mai jinsa. Ƙyalle. Daga bakin gidan Bijimai sai ga su sun dawo kusan tsakiyar fili. Ba su ƙara cin komai ba har aka tashi.

Wato dai dabarata ta mutu, kyaftin bai shiga matsin da zai sa ya jefa ba. Ya ci gaba da abinsa. Yadi uku, yadi huɗu. Suka samu suka buga ɗaya ta tsakanin ƙarafa, wanda a wasan nan ma ana ba da ɗan maki, na kuwa yi murna don a nan ne kaɗai na ga an sa ƙafa. Suka ƙara wata. Lokaci ya zo ƙarshe 'yan Giza na gaba da maki ɗaya tak, ƙwallo a hannun Bijimai, gida da nisa.

Hajja ta ɗaga hannu, benci ya yi tsit. Ta cusa bakin laffaya a bakinta ta cije, amma ina jin abin da ke fita ta gefe: "Irmi. Irmi, ya zol, kai mutumin nan. Don girman Allah, irmi."

Mai jefawa ya karɓa. Ya juya. Ya miƙa.

Sai dai wannan karon mai gudu bai faɗa tsakiya ba, ya karkato gefen Mahir. Mutum ɗaya ne ya rage tsakaninsa da fili, wani mai tsaro da ya fi Mahir faɗi sau biyu. Mahir ya tare shi. Na ji ƙarar haɗuwarsu daga inda nake. Ƙaton ya tura, Mahir ya kafe ƙafa, ya tura, Mahir ya ƙi. Siririn yaron nan ya riƙe shi kamar ƙofar da aka sa wa sakata, har mai gudu ya zagaya ta bayansa ya miƙe. Daga nan babu kowa sai ciyawa.

Hajja ba ta saki laffayar ba sai da ya tsallake layin ƙarshe. Na yaba mata wannan, don ni tun yana tsakiya na haye benci, kuma an ce da Larabcin littafi nake ihu.

Abin da na lura da shi, rabin yaran ba wurin mai gudun suka ruga ba. Kan Mahir suka faɗa, suna dukan hularsa, suna kiran sunansa. Mai gudun ma da ya dawo shi ya rungume.

Ashe suna da wata al'ada: in an ci babban wasa, koci kan ba da ƙwallon da aka buga ga wanda ya fi kowa aiki. Suka yi da'ira a tsakiyar fili, mu muna bakin layi. Kyaftin Isam ya ɗaga ƙwallon, ya ce duk kakar nan akwai wanda bai taɓa ta ba ko sau ɗaya a cikin wasa, kuma ba don shi ba da yau sai gida. Ya taka har gaban Mahir ya sa masa ita a hannu.

Mahir ya zo wurinmu da ita a hammata, gumi na zuba, leɓensa ya fashe. Hajja ta kama fuskarsa tana duba leɓen, tana faɗa wai wane irin wasa ne wannan. Ta shafa ƙwallon ta ce za ta sa ta a kan kabad kusa da hoton babansa.

Ya ce, "Aro ce fa, Yumma. Ƙwallayenmu uku ne duka-duka. Kyaftin ya ce a dawo da ita atisayen Talata."

Kowa a cikinmu ya san Litinin tana gaban Talata.

Ta ce, a hankali, "To wa zai kai?"

Ya dube ta kamar ta yi tambayar yara. "Ni mana. Akwai wasa Juma'a. Wa zai tsaya a gefen?" Ya juya zai koma wurin abokansa, ya waiwayo. "Yumma, akwai sauran kisra a gida? Yunwa nake ji."

Ba zan ce muku jakar ta bar ƙarƙashin gado har abada ba, ban sani ba, ita ma ba ta ce ta sani ba. Na dai san ranar Litinin ya je kasuwa, ranar Talata ya kai ƙwallo.

Amma a ranar, muna tafiya bakin titi neman mikrobas, Hajja na rungume da ƙwallon kamar jika, muryarta ta dishe, bakina ya ƙi zama lafiya.

Na ce, "To Hajja, ga ƙwallo ta zo hannun ɗanki. Sai ki koma ki nemi gafarar kyaftin. Ni kuma a gode min, don da ban sa kin yi shiru ba, da yaron bai roƙe ki ba."

Ta tsaya cak ta dube ni daga hula har takalmi.

"Gafarar me? Ba ka da ido ne? Taku biyu ne tsakaninsu, ko a nan bai jefa ba, miƙa masa ya yi! Kai kuma da kake kare shi, ai ɗan ƙungiyarsa ne. Shekara ashirin kana rungume da risala a hammata kana cin yadi uku-uku. Shi dai kyaftin yau ya kai gida. Tare mana mota, ya Ustaz."